Maɗorin da Aka Ɗora wa Ƙashin Wani

Bari in fara da laifina, tun Goggo ba ta riga ni faɗa ba. Shekara da shekaru ina yawo a unguwarmu nan Dutsin-Ma ina shaida wa duk wanda ya ba ni kunne cewa ƙarfen da likitoci suka sa wa Kaka a ƙugu ya kai nauyin garmar shanu. Na ce in ya gifta ta maƙera, maƙeri yakan ajiye guduma ya bi shi da kallo yana haɗiyar yawu. Na ce in an kara rediyo a ɗuwawunsa, Kaduna takan fito tar kamar a soro ake magana. Ashe akwai masu yarda. Ranar jana'iza, da aka idar da salla, sai ga ƙarti takwas sun fito, har da mahaucin bakin tasha, suka naɗe hannun riga, suka yi bisimilla, suka sunkuci makara da ƙarfin ɗaukar buhu huɗu. Makara ta yi sama kamar za ta bar su. Na gaba ya yi taga-taga, liman ya yi salati, wani a baya ya ƙyalƙyale da dariya sannan ya mai da ita tari. Kaka bai fi damin kara nauyi ba. Baba ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya. Har yau bai ce mini komai a kan maganar ba, kuma da marina ya yi da na fi samun sauƙi.

Kwana uku ana zaman makoki a ƙofar gida, ni ke zagawa da buta da kwanon sha, don haka kunnena ya ƙoshi. Tabarmi sun kai har gindin dalbejiyar maƙwabta. Mutanen Kurfi sun zo, na Barkiya sun zo, masuntan Zobe sun zo da ƙarninsu. Kowa in ya gama "ya haƙuri" sai ya naɗe wando ko hannun riga ya nuna inda Kaka ya ɗora masa, har wurin ya koma kamar kasuwar ƙwauri. Wani tsoho ya buga ƙafarsa a ƙasa sau uku ya ce, "Wannan aikinsa ne, shekara talatin ko sanyi ba ta ji. Allah ya jiƙansa." Sannan ya rufe fuska da bakin riga.

Amma in an shafa addu'a, sai magana ta koma ƙasa-ƙasa. Wani ya ce wuƙar asibiti ce ta kai shi. Wani ya ce ai ƙashin baƙo aka sa masa, jikinsa ya ƙi karɓa. Wasu kuma in na matso da buta su yi tsit, in na wuce in ji an ce, "Shi ne yaron da aka ba gadi." A cikin gida Iya, kakata mace, ba ta yi kuka a gaban kowa ba, tambayarta kawai ko an kai wa baƙi fura. Kafin sadakar uku na ji an mai da Kaka mutum huɗu daban-daban, ba kuwa ko ɗaya da na sani. Shi ya sa na yagi tsakiyar littafin makaranta nake rubuta wannan. An san ni da ƙara gishiri, ban musa ba. Amma ranar da abin ya faru ina cikin ɗakin, su ba sa nan.

Kaka maɗori ne, ubansa ma haka. Bai taɓa yin ɗori a kan kujera ko gado ba. A ƙasa yake zama cikin soro, a kan buzu, ya miƙe ƙafa, ya tokare diddigensa a hammatar mai karaya ko a matsematsinsa, ya kama gaɓar da hannu biyu ya ja da dukan bayansa. Kafin ya taɓa mutum sai ya tambaye shi sau uku, "Ka ba ni?" In bai ji "na ba ka" sau uku ba, ko za a yini ana ihu ba zai sa hannu ba. In kuwa ya fara shafa wurin, mai karaya ya shiga labarin yadda ya faɗo, sai ya ce, "Kai, yi mini shiru, da ƙashin nake magana." In ya ga ƙashi ya huda fata ya leƙo, nan take yakan ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku nufi asibiti," ko ruwa ba ya bari a tsaya sha.

Mugun halinsa ɗaya ne: ƙwace wando. In ya ɗora wa namiji ƙafa ya ce kwana arba'in ba takawa, ya san ƙarya za a yi masa, sai ya sa a tuɓe wandon a ba shi ajiya. Akwai lokacin da na ƙirga wanduna goma sha ɗaya rataye a turakarsa, har da na wani mai unguwa. To, na yarda, wataƙila bakwai ne.

Ni da shi kuwa kullum cikin yaƙi muke. Iya tana kirana angonta, shi yana kirana ɓarawon mata, ni ina ce masa Tsohon Ƙarfe. In na shiga gaishe shi yakan ce, "Wanda ko sandan rake ba ya iya karyawa, shi zai ƙwace mini mata?"

Ina ɗan shekara biyar ya faɗo daga kan rumbu yana gyaran jinka. Yana kwance a ƙasa ya shafa ƙugunsa na dama da kansa, ya ce wa Baba, "Wuyan ƙashin cinya ne, can ciki inda karan ɗori ba ya kaiwa. Kai ni Kano." Gari ya ɗauka, wai maɗori an kai shi asibitin ƙashi. Can suka yanke kan ƙashin da ya karye, suka sa masa na ƙarfe mai kama da ƙwallo. Ya dawo yana tafiya, ya koma buzunsa. Shekara goma yana tokare mutane da ƙafar nan, yana hawa jaki zuwa ƙauyuka, yana tsugunne a gona kamar ba a taɓa yanka shi ba.

Sai ƙafar ta fara gajarcewa. Bai gaya wa kowa ba, ya dai kai takalminsa na dama wurin baduku aka ƙara masa falle ɗaya na taya a ƙasa. Bayan wata uku aka ƙara wani. Da aka kai falle huɗu na ce masa, "Tsohon Ƙarfe, takalminka ya zama bene, yaushe za a sa matakala?" Ya ɗaga sanda zai make ni, ya yunƙura, ya kasa tashi. Ya sake yunƙurawa, gumi ya karyo masa. Ranar ban yi dariya ba.

Da za a koma Kano Baba ya tafi da ni, wai ni ne ɗan boko, in likita ya yi Turanci in kwance. Ban yi wani amfani ba, don likitan, wani dogon mutum ɗan kudu, yana jin Hausa, ko da yake Hausarsa ta fi Kaka ɗingishi. Ya ɗaga hoton ƙashi a hasken taga zai fara bayani, Kaka ya miƙa hannu ya ce, "Kawo." Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Taɓarya ta huda turmi."

Likita ya ce haka ne. Ƙwallon ƙarfen ya yi ta nuƙurƙusar gurbin da yake zaune a ciki har ya cinye shi, ya fara kutsawa ta ciki. Abin da ya rage na ƙashi a wurin bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Ya ce canza ƙarfe ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce babu abin da za a ɗora sabon a kai. Sai an sake gina gurbin: a cike ramin da gutsattsarin ƙashi, a shimfiɗa raga ta ƙarfe, a kafe ta da kusoshi, a zuba siminti irin nasu, sannan a zaunar da ƙoƙon roba. Za a ɗebi ƙashi daga tudun ƙugunsa na hagu, amma ba zai isa ba. Sai an ƙara da na wani, irin kan ƙashin da ake yanke wa masu jinya.

Kaka ya ajiye hoton. "Na wa?"

Nan aka yi rigimar da ba a taɓa yin irinta a gidanmu ba. Goggo, ƙanwar Baba, ta taso daga Kurfi a motar farko ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Baba ya ce to ita za ta riƙa goya Kaka zuwa masallaci? Ta ce shi da ma duk abin da mai farar riga ya faɗa aya ce a wurinsa. Sati biyu ba sa gaisawa. Aka tambayi liman, ya ce lalura ce, babu laifi. Kaka dai bai ce e ba bai ce a'a ba, abin da yake nanatawa shi ne, "Ranar da za a ce kowane ƙashi ya nemi mai shi, ni da mi zan tsaya?" Kullum kuwa ƙafar sai ƙara shigewa take.

Ashe ba wannan ne ya fi damunsa ba. Ranar da muka koma ya ce wa likita sai ya ga mai ƙashin. Likita ya ce ba a haka. Kaka ya ce to a ba shi takalminsa. Ƙarshe aka tura shi a keken marasa lafiya zuwa gadon wani direban babbar mota, Kirista, wanda za a yi wa aiki a makon. Kaka ya gaishe shi da jiki, ya ce, "An ce za a yanke maka kan ƙashi. Ka ba ni?"

Direba ya ce, "Baba tsoho, ai da ma zubarwa za a yi."

"Ban tambaye ka abin da za a yi ba. Ka ba ni?"

"Na ba ka."

Sai da ya faɗa sau uku. Kaka ya numfasa, sannan ya ɗan matso ya rage murya. "Kana shan giya?"

"Na bari tun bara."

"Ƙashin ya san ka bari?"

Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har wani mai ɗinki a ciki yana roƙon a yi masa rai.

An shiga da Kaka ɗakin tiyata da sassafe, ba a fito ba sai bayan la'asar. Baba ya ba da jini, ya fito yana layi, ya zauna a dakali yana jan carbi, ni kuma na ƙirga tagogin asibitin sau ɗari. Da za a sallame mu likita ya tsaya a kan Kaka ya ce ƙashin da aka cusa bai kama ba tukuna, kamar ɗanyen ginin laka ne. Wata uku cur: ba taka ƙafar, ba tsuguno, ba tanƙwashewa, ba zaman ƙasa ko sau ɗaya. In ya rushe, ba shi da abin da zai sake ginawa a kai.

Kaka ya ce, "Ni za ka koya wa jinyar ƙashi?"

Likita ya ce, "Malam, shi ya sa nake tsoronka."

A gida aka ɗora gadon ƙarfe a kan bulo don ya yi tsawo. Lokacin hutu ne, Baba ya naɗa ni mai gadi, ya ce in Kaka ya sauko daga gadon nan fatata za ta gaya mini. Aikina na farko, na kwashe wandunansa kaf na kai ɗakin Goggo na dā na kulle, na ɓoye sandunan dogarawa da asibiti suka ba shi a cikin rumbu. Ya ce, "Ɓarawon mata ya koma ɓarawon wando." Na ce a wurinka na koya. Salla a kishingiɗe yake yi. Baba ya sanar a masallaci cewa an dakatar da ɗori, amma mutane ba su fasa zuwa ba. In na sallame su a soro, Kaka yana jin komai daga turaka. In na dawo ba ya tambayata, sai ya juya fuska bango. Haka muka ci mako bakwai, saura biyar.

Ranar kasuwar Kurfi ce, Baba ya tafi tun safe. Wajen azahar na ji sallama. Wani Bafulatani ne daga wajen Barkiya, riƙe da akalar jaki, a kan jakin 'yarsa ce, ba za ta wuce shekara bakwai ba. Saniya ta taka mata cinya tun jiya. Ƙafar ta kumbura ta karkace, yarinyar ta gaji da kuka, sai wani nishi take siriri.

Na ce masa Malam ba ya aiki, ya wuce asibiti, ga hanya nan.

Ya ce, "Can yankewa suke."

Na rantse masa ba a yankewa. Na ce zan raka shi da ƙafata. Ya girgiza kai, ya juya jakin ya ce in Malam ba zai taɓa ba, ruga zai mai da ita, abin da Allah ya yi shi ke nan.

Daga ciki Kaka ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Mai tallan itace ne."

"Itace mai nishi? Shigo da su."

Na shiga ni kaɗai na tsaya a bakin ƙofa na ce ba zan shigo da su ba. Ya ce to ya ji, ba zai sauko ba, a kawo ta kan gado ya duba kawai. Na yarda da wannan, kuma wannan ne kuskuren da ba na ba da labarinsa don dariya. Aka kwantar da ita a gefensa. Ya tambayi uban sau uku, ya shafa cinyar ya ce karaya ɗaya ce, fata ba ta huje ba, amma ƙasusuwan sun hau juna. Ya sa na riƙe ƙugunta, uban ya ja ƙafar, shi yana lalube da yatsu. Uban yana ja, yarinyar ta ƙwalla ƙara, ya saki. Aka sake, ya sake saki. Na karɓa na ja har idona ya yi duhu, ƙashi ko motsi. Yarinyar ta fara sanyi, leɓenta ya bushe.

Kaka ya ce, "Ba hannu ke ɗori ba, diddige ne. Ɗauko mini wando."

Na ce, "Ba zan ɗauko ba."

"Ɗauko."

"Saura mako biyar, Kaka. Likita ya ce in ya rushe shi ke nan."

"Na ji shi, ba kurma ba ne ni. Yarinyar ga ba ta da mako biyar."

Sai ya kira ni da sunana na yanka, abin da tun da aka haife ni ban taɓa ji a bakinsa ba. Na juya wurin Iya, tana tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Na ce, "Iya, ki yi masa magana!" Ta dube shi, ta dubi yarinyar. Ta ce, "Shekara hamsin ban iya hana shi ba, ango." Ta shiga ɗakinta ta fito da zane ta miƙa masa.

Ya ɗaura zanen. Na tare gaban gadon da jikina, ya ce in ban kama shi ba zai diro da kansa, in zaɓa. Ni da Bafulatanin muka sauko da shi a hankali kamar ƙwaryar da ta cika da nono. Na roƙe shi ya tokare da ƙafar hagu, mai lafiya, ya ce da ma ita zai sa. Aka kwantar da yarinyar a kan buzu. Ya kafa diddige, ya kama ƙafarta, ya yi bisimilla, ya kwanta baya da dukan ƙarfinsa.

Ƙara biyu na ji. Ta farko ƙwas, ƙashin yarinyar ya koma mazauninsa. Ta biyu a jikin Kaka ce, ƙasa-ƙasa, kamar an taka busasshen ƙoƙo.

Fuskarsa ta yi fari fat, gumi na ɗiga daga gemunsa, amma ya ce in miƙo kara da tsumma. Ya jera karan, ya naɗe, ya ɗaure, ya yi tofi. Ya gaya wa uban kwana arba'in, a soro za su zauna, kada ta taka ko da wasa. Sai da aka fita da ita sannan ya ce, "To, ɗaga ni." Da muka mai da shi gado na ga ƙafar dama ta juya waje, ta gaza ta hagu da kusan faɗin tafin hannu.

Baba ya dawo bayan la'asar da ƙullin nama. Ya ga jaki a ƙofar gida, ya ga yarinya a soro, ya shiga turaka ya yaye zanen ya ga ƙafar. Naman ya faɗi. Ya juyo kaina ya ɗaga hannu, ni kuwa ko kaucewa ban yi niyya ba.

Kaka ya ce, "Yaron ga ya hana. Ni na ƙi. In duka za ka yi, ga ni nan kwance, ba inda za ni."

Baba ya sauke hannu ya fita. Na jiyo shi a bayan rumbu yana kuka irin na manya, wanda ba sauti sai tari.

Kwana biyu bayan haka muna Kano. Likita ya ɗaga sabon hoto a taga ya daɗe yana dubawa. Ragar ta tsinke daga kusoshinta, ƙoƙon ya nutse ciki da ƙashin direba da komai. Ya ce babu sauran wurin kafa ko kusa ɗaya, kuma jikin Kaka ba zai ɗauki wuƙa ta uku ba. Baba ya ba shi labarin abin da ya faru yana sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin. Na zaci likita zai yi faɗa. Sai ya zauna a bakin gadon ya ce, "Malam, cinyar yarinyar, ta daidaita?"

Kaka ya ce, "Ta daidaita."

Likita ya gyaɗa kai, ya rubuta maganin rage zafi.

Yarinyar ta cika kwana arba'in a soronmu, ta koma ruga da ƙafarta. Kaka bai sake tsayuwa ba, bai kuma sake ɗori ba. Ya yi shekara ɗaya da wata biyu a kan gadon nan, muna juya shi safe da yamma, bayansa ya yi gyambo duk da haka. Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya sauka masa a ƙirji, ya yi kwana tara yana tari. Ya rasu ranar Talata da hantsi, Iya tana ba shi kunu.